Zare da Alli: Yadda Ake Miƙe Bututun Injin Girbi

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Nima ranar Laraba, a birnin Ankara na ƙasar Gana, wanda ake rubuta Accra, ya ga buhunan shinkafa da masara da gero da wake an jibge su har sun cinye rabin hanya, ya kuma ji Hausa tana tashi ta kowace kusurwa kamar a kasuwar Kurmi yake, da wuya ya kawo a ransa cewa tsakanin fadamar da aka noma wannan shinkafa da olonka, wato mudun da ake auna masa ita, akwai wani dogon bututu na ƙarfe, wanda idan ya karkace da faɗin yatsu biyu kacal, girbin mako guda yana iya tsayawa cik. Ni ma ban san haka ba, duk da cewa a cikin waɗannan unguwanni na girma, sai ranar da na tarar an sauke irin wannan bututu a ƙofar shagon kawuna a New Town, unguwar da tsofaffi har yau suke kira da sunanta na da, Lagos Town.

Kawuna fita ne, wato makaniki a bakin mutanen Gana, kuma yana cikin jikokin mutanen da fataucin goro da na shanu ya kawo su bakin teku. Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima a 1931, dillalin shanu ne. Amma da zamani ya juya, motoci suka gaji jakuna, 'ya'yan zango da yawa suka shiga tuƙi da gyaran mota da walda, har ya zama daga Maamobi zuwa Sabon Zango, wanda ke maƙwabtaka da babbar kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai, babu lungun da ba za ka ji ƙarar guduma ba. Ba a noman shinkafa a Nima, hakika. Sai dai kuɗin Nima yana noma a Asutsuare da Dawhenya, da can arewa a kwarin Fumbisi da Nasia da Tono, kuma idan ƙarfe ya lalace a can, sau da yawa nan yake dawowa neman magani.

Wajibi ne mu fara bayyana wa mai karatu abin da muke magana a kai. Injin girbi, wanda ake kira kombain, ayyuka uku yake haɗawa waɗanda a da sai an tara gayya: yankan da lauje ke yi, da bugu, da sheƙa. Tsabar da ya tace tana taruwa a cikin wani rumbu na ƙarfe da ke bayansa, kuma da yake rumbun ba ya daɗewa bai cika ba, dole a sami hanyar juye shi cikin tirela ko bisa tamfol ba tare da an ɓata lokaci ba. Wasu ƙananan injuna buhu ake tara musu a baki, mutum yana tsaye yana ɗaurewa; amma mafi yawa suna da bututun nan da ake buɗewa gefe kamar hannu, wanda a ƙananan injunan shinkafa masu tafiya bisa sarƙar roba, irin na Kubota da na ƙasar Sin, bai wuce 'yan mitoci ba, a manyan injunan John Deere da Claas kuwa yana kai mita 6 zuwa 8. A cikin bututun akwai sanda doguwa mai rami a ciki, an nannaɗe ta da fallen ƙarfe an yi walda, kamar murɗin dodon-koɗi. Idan ta juya, sai hatsin ya bi murɗin yana gaba har ya zubo ta baki. Wannan shi za mu kira sukuru.

Hikimar tsohuwa ce ƙwarai. Ana jingina ta ga Arkimidis, masanin Yunanawa na Sirakusa wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma manoman Masar sun daɗe suna ɗaga ruwan Nilu da irinta, suna ce mata tanbur. Ɗora ta bisa injin girbi don juye rumbu kuwa aikin wani manomi ne na jihar Kansas a Amurka, Lyle Yost, a 1947, wanda daga nan kamfanin Hesston ya samo asali.

Abin lura a nan, wanda shi ne tushen mas'alar gaba ɗaya, shi ne cewa sukurun ba ɗaya ba ne, kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai na kwance a gindin rumbu mai tattaro hatsi, akwai na tsaye mai ɗaga shi sama, sa'an nan akwai gwiwa inda wasu giya biyu masu karkatattun haƙora suke karɓar juyin daga tsaye su mai da shi kwance, kana dogon na waje, wanda boris ke riƙe da shi a ƙarshe, a dogayen kuma har da wani a tsakiya. Gwiwar tana zaune bisa wani zobe da take juyawa a kansa, sandar haidirolik ko ƙaramin injin lantarki ita ke buɗe bututun ta rufe shi, idan an rufe kuma akwai wani sirdi da yake kwanciya a kai. Tsakanin gefen murɗin da cikin bututun rata ce 'yar kaɗan, ta 'yan milimita. Saboda haka bugu ɗaya a bakin bututu yana iya barin illa a wuri biyar, alhali ido wuri ɗaya yake gani.

Injin da aka kawo wa kawuna bututunsa na wani ɗan kasuwar hatsi ne, yana aiki a gonakin ban-ruwa na Asutsuare, kusa da madatsar Kpong a bakin kogin Volta. Direban, yaro ne mai ƙwazo wanda ya yini yana aiki tun hantsi, ya gama juye rumbu gab da magariba, ya ja ya juya a bakin gona bai rufe bututun ba, sai bakin ya ci karo da wani reshen dogon-yaro. Irin wannan shi ne mafi yawan sababin hatsarin, sai kuma falwayar lantarki, da gefen tirela idan ana juyewa ana tafiya, da lokacin hawa da sauka daga babbar motar da ke kai injin daga wannan yanki zuwa wancan. Ba na ɗora wa yaron laifi mai yawa, domin wanda ke kallon bakin yanka a gabansa, ƙura ta rufe madubi, manoma biyar kuma suna tsaye kowa na cewa gonarsa ce ta gaba, mantuwa ba ta yi masa nisa ba. Abin da aka yi bayan hatsarin shi ya fi ɓarna. Aka ɗaura igiya a bakin bututun, aka ja da tarakta har ido ya ga ya miƙe, aka tayar. Ya yi ƙara, ya tsinke notin kariya. Aka sa wani ya tsinke, aka sa na uku ya tsinke, sai wani mai ba da shawara ya kawo noti mai taurin gaske daga jikin wata mota. Wannan bai tsinke ba, haƙoran giyar gwiwa ne suka zube a madadinsa.

Notin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin jahiltar manufarsa ta kashe injuna da yawa. Da gangan maƙera injin suka yi shi da rauni, suka ajiye shi a kan hanyar juyi, don idan sukuru ya cije, shi ya karye ya zama fansa ga abin da ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. A wasu injunan kuma bel ne ke zamewa ya yi wannan aiki. Karyewarsa sau uku a jere shaida ce bayyananniya cewa akwai cuta a ciki, kuma wanda ya musanya shi da mai tauri ya kori mai gargaɗi ne kawai, cutar tana nan inda take.

Da na isa shagon na tarar kawuna bai taɓa guduma ba, bai kunna wuta ba, yana zaune bisa benci ya sa yaransa sun wanke bututun tas. Na ce, "Kawu, ai ga inda ya lanƙwashe nan, ko makaho ya shafa ya ji." Ya ce, "Ɗana, wannan wurin da ya ji ciwo ne ka gani. Inda ya karkace sai zare ya faɗa mana." Ya sa aka kwance boris ɗin baki, aka zaro sukurun a hankali, mutum uku suna tallafe da shi, kowa da tsumma a hannu, saboda gefen murɗin da shanshera ta daɗe tana gogawa yakan yi kaifi kamar aska. Sa'an nan ya ɗauko zaren magina, ya ɗora 'yan katakai biyu masu kauri ɗaya a kan bututun, ɗaya a kowane ƙarshe, ya ja zaren a kansu ya ɗaure tamau, ya bi yana auna ratar da ke tsakanin zare da ƙarfe taki bayan taki. Ya yi haka ta sama, ya sake yi ta gefe, domin karkata tana iya zama ta fuska biyu a lokaci guda. Daga nan ya sa yaro ya riƙe tocila a ƙarshe ɗaya, shi kuma ya leƙa ta ɗayan: bututu mai lafiya da'ira yake nunawa cikakkiya, mai rauni kuwa sai ka ga hasken ya koma siffar ƙwai. A ciki kuma ga wani wuri yana ƙyalli kamar azurfa, inda murɗin ya yi ta shafar bango, can nesa da inda reshen ya buga.

Sukurun shi ne aka fi daɗewa a kansa. An ɗora kawunansa biyu bisa tsofaffin boris da aka kafa a kan ƙafafun ƙarfe, yadda zai juya da yatsa ɗaya, kawuna ya kafe hannunsa a kan wani dungu riƙe da alli, ya matso da shi sannu sannu yayin da yaro ke juyawa, har allin ya fara taɓa sandar. Sanda miƙaƙƙiya alli zagaye ta yake yi da zobe. Karkatacciya kuwa a doronta kaɗai yake barin tabo. Masu hali suna amfani da agogon awo mai allura, wanda ke nuna ɗaya bisa ɗari na milimita, kuma babu shakka ya fi tahƙiƙi; amma ƙa'idar ɗaya ce. Ya kuma nuna mini wani bambanci da ban taɓa tunaninsa ba, cewa doguwar sanda da aka ɗora a kan kai biyu dole ta ɗan sunkuya a tsakiya saboda nauyinta, sai dai wannan sunkuyo kullum ƙasa yake kallo ko yaya aka juya ta, alhali karkata ta haƙiƙa zagayawa take yi tare da sandar. Wanda bai rarrabe su ba sai ya lanƙwasa lafiyayyen ƙarfe yana zaton gyara yake.

Hanyar miƙewa biyu ce. Ta farko da sanyi: a juyo doron sama, a tallafi sandar kusa da shi dama da hagu, a sa katako ko guntun bututu da aka tsaga don kada a lotsa ta, tun da mai rami ce, a danna da jak kaɗan, a saki, a auna. Ƙarfe yana da ɗabi'ar komawa baya idan an sake shi, don haka sai an ɗan wuce miƙe kafin ya tsaya a miƙe, kuma gwargwadon wannan wucewa babu littafin da zai ba ka shi, sai hannu da maimaici. Na ƙirga sau goma sha ɗaya kawuna yana dannawa yana mayar da sandar bisa boris, kowane karo yana goge tsohon alli ya sa sabo.

Ta biyu da wuta, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki, domin a zahiri ta saɓa wa hankali. Mutum zai zaci cikin lanƙwasar za a gasa don ya saki. Ashe doron ake gasawa, wuri ɗan ƙarami kamar faɗin kwabo, da harshen wutar gas, har ya yi ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 650, ba a bari ya kai ja mai haske. Wurin da ya yi zafi yana son ya faɗaɗa, sanyin ƙarfen da ke kewaye da shi ya hana shi, sai ya cushe cikin kansa ya ƙara kauri. Idan ya huce kuma ya tsuke, sai ya koma gajere fiye da yadda yake a da, ya jawo doron ciki. Yayin da wutar take kai, karkatar ƙaruwa take yi a gaban idonka, kuma a nan ne mai gaggawa yake firgita ya ɗauki guduma. Kawuna kuwa kashe wutar ya yi, ya tafi masallaci sallar la'asar, ya hana kowa taɓawa ko zuba ruwa. Da ya dawo aka juya, tabon alli ya kusa zama zobe. Amma ya gargaɗe ni cewa kan sandar mai tsage-tsage, wanda ke shiga cikin giya, ba a kai masa wuta, domin an ƙona shi an taurara shi tun daga masana'anta, zafi kuwa yana zare masa wannan tauri. Idan shi ya murɗe, sai a yanke a dasa sabo.

Na bututun bai ɗauki lokaci haka ba. Lotsawar da ba ta karya ƙarfe ba ana turo ta daga ciki da wani kewayayyen dungu daidai faɗin bututun, ana bubbuga gefenta daga waje da guduma mai sauƙi. Inda ya naɗe ya yi kaifi kuwa yankewa aka yi, aka kawo guntu mai faɗi ɗaya, aka ɗiga walda a wuri huɗu masu fuskantar juna, aka mai da zare aka auna, kana aka cike da gajerun ɗinki, nan kaɗan, can ɗaya gefen kaɗan, saboda walda ma wuta ce, tana jan ƙarfe zuwa inda aka fi daɗewa. Aka goge cikin sumul don kada ya riƙa fasa tsaba. Giyar gwiwa ba ta gyaruwa. Sai da aka yi kwana biyu ana bin shaguna a Abossey Okai, har aka fara maganar aikawa kasuwar kayan gyara ta Suame Magazine a Kumasi, kafin a dace da ta wani mataccen inji irinsa.

Na zaci aiki ya ƙare, sai kawuna ya ce rabi aka yi, ya ɗaure kayansa ya bi motar zuwa Asutsuare, ni ma na bi shi. Hujjarsa ta lissafi ce: bututu dogon hannu ne, ƙarfin da ya bugi bakinsa ninkuwa yake yi kafin ya iso gindi, kuma karkatar digiri ɗaya tak a gindin bututu mai mita 4 tana zama kusan santimita 7 a baki. Kafin ya hau injin ya zare makulli ya sa a aljihunsa, ya sa aka buɗe ƙofofin shara na ƙasa aka kwashe ragowar shanshera da ta fara tsami, aka kuma kafa sanduna da za su tallafi bututun, domin ba ya amincewa da haidirolik ya riƙe nauyi a kan mutum. Sukurun gindin rumbu ya raba mutane da yawa da yatsu da ƙafafu a ƙasashen da ake aiki da waɗannan injuna, kuma kusan kullum labarin iri ɗaya ne, wani yana ciki yana tura hatsi, wani a waje ya tayar. Haka kuma ya dubi sama kafin a buɗe bututun, saboda wayar lantarki.

A gindin, fenti ne ya ba da labari. Inda ƙarfe ya miƙe fiye da ƙarfinsa fenti yakan tsattsage ya ɓare, kuma ga shi nan a jikin kunnen da sandar haidirolik ke kamawa, da gefe ɗaya na zoben. Ramukan noti biyu kuma jan taraktar nan ya mai da su dogaye. Da aka ɗora bututun aka rufe shi, sai ya sauka gefen sirdinsa da faɗin tafin hannu. Direban, cikin ladabi, ya ce, "Baba, ko a kwance sirdin a matso da shi?" Kawuna ya ce, "A'a, yaro. A duk injin nan shi kaɗai ne bai ji bugu ba, shi ne shaidan da ya san inda bututun yake kwana tun daga masana'anta. In ka matsar da shi, da wa za mu auna?" A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi da na ji a tafiyar, domin na sha ganin gyaran da ake yi ta hanyar lanƙwasa lafiyayye ya bi marar lafiya, a ƙofa da taga da ƙafar mota, abin ya yi kyau a ido wata guda, sa'an nan ya ci boris da giya. Aka miƙe kunnen, aka cike ramukan aka sake huda su, aka sassauta notocin zoben gaba ɗaya, aka kwantar da bututun cikin sirdi, kana aka ɗaure su bi da bi, wannan sa'an nan na daura da shi, ana sa siraran fallaye inda rata ta rage. Inda sassan sukuru biyu suke haɗuwa kuma ya tabbatar bakin murɗin wannan ya dace da na wancan yadda littafin injin ya nuna, don kada hatsi ya cushe a mahaɗa.

Mai karatu na iya cewa duk wannan wahala a kan bututu ɗaya ta yi yawa, a sayi sabo mana. Amsar tana cikin tarihin ƙasar. A zamanin shirin ciyar da kai na Janar Acheampong, wanda aka fara a 1972, an shigo da taraktoci da injunan girbi masu yawa arewacin Gana, noman shinkafa ya bunƙasa, amma da kuɗin waje ya yi wuya kayan gyara suka yanke, da yawansu suka zama kufai a bakin gonaki. Har yau injunan ba su wadaci manoma ba, sabon bututu kuwa sai an yi odarsa ya biyo jirgin ruwa zuwa Tema, shinkafa kuma ba ta jira. Idan ta wuce lokacinta zubewa take yi, tsuntsaye su ci rabonsu, wadda ta bushe ƙwarai ta kakkarye a injin casa ta koma tsaki. A arewa kuma, daga Nuwamba zuwa Disamba, ga hunturu ga gobarar daji, wadda kan lashe gonar da ke jiran layi a dare ɗaya. Wannan asara tana biyo hanya har cikin tukunyar mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Maamobi.

Gwajin ƙarshe daki-daki aka yi shi. Da fari da hannu aka juya, inji a kashe, kawuna ya manna kunnensa a jikin bututu yana sauraron ko akwai ƙwanƙwasa mai dawowa sau ɗaya a kowane juyi, wadda ita ce alamar sanda karkatacciya. Sa'an nan aka sa notin kariya na asali, aka cika giris, aka tayar a hankali babu hatsi, ya bi bututun da bayan hannunsa yana neman wurin da ya ɗumama. Aka buɗe aka rufe sau uku, kowane karo yana faɗawa cikin sirdinsa ba tare da an tura shi ba. Kana aka yanka shinkafa kaɗan, aka juye rubu'in rumbu bisa tamfol, ya tsuguna ya ɗebi shanshera cikin tafinsa, ya baza ta da yatsa a hasken rana yana duba ko akwai fasasshiya ko wadda aka feƙe wa ɓawo. Ya daɗe yana dubawa. Daga bisani ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, ya zare makullin injin ya miƙa wa direban, ya ce masa idan ya yi rumbu goma ya tsaya ya sake ɗaure notocin zobe, kuma ya samo jan ƙyalle ya ɗaura a jikin sitiyari duk lokacin da bututu yake buɗe.